Masu Ɗaga Duwatsu

Asabar ta farko a kowane wata,
kafin rana ta leƙo kan tsaunukan Kahamarka,
mu biyar muke gangarawa ƙorama.
Ba wanda ya ɗauke mu aiki, balle ya sallame mu.

Eudosia ce mai rariya.
Wilmer ke riƙe kwalabe da 'yar takardar nan mai sauya launi.
Fensir na hannun jikata Maribel, don hannunta ba ya rawa.
Don Saturnino kuwa gardama ke kawo shi.
Ni Teofila, nawa aikin ɗaga duwatsu.

Kada ka raina dutsen cikin ruwa,
ƙarƙashinsa gari ne guda.
Akwai tsutsa mai gina ɗaki da tsakuwa,
ta ja abinta duk inda za ta.
Akwai mai jela uku, siririya kamar zaren ulu,
wadda ba ta kwana inda aka yi ƙazanta.
Su ne shaidunmu, ba sa karɓar toshiyar baki.
In mun same su, Maribel ta rubuta,
mu zauna mu ci dafaffen dankali da cuku,
yatsu sun sandare, baki na fitar da tururi.

Watan da dankali ya yi fure
na ɗaga dutse, wayam.
Na ɗaga na biyu, na goma, na ashirin,
sai santsi, sai shiru.
Ruwan garau yake, har kana ganin fuskarka,
amma gari ya watse.

"Kamfanin zinariya ne!" in ji Saturnino,
har ya gama tsara ƙara a kansa.
Ni ma haka na so,
don maƙiyi mai katanga da maigadi daɗin zagi gare shi.
Eudosia ta ce, ruwa dai ba ya tsami banza,
mu bi shi sama ya nuna mana.

Muka hau, gwiwata na ƙara,
muka wuce gadar katako, muka wuce makiyayar tumaki.
A kwanar nan ta itatuwan turare
ga mutum tsugune yana ɗauraye tankin feshi,
wani fari-fari kamar tsinkakken nono na bin ruwa.
Tun daga nesa na gane hular.
Ni na saya masa ita a kasuwar Lahadi.
Anacleto. Ƙanena. Wanda na goya.

Maribel ta ɗago kai: "Kaka, me zan rubuta?"
Na ce, abin da idonki ya gani.
"Har da suna?"
Iska ta wuce. Wani kare ya yi haushi can ƙasa.
Na ce, har da suna.

Wata biyar bai gaishe ni ba.
A coci yakan kau da kai, ya ƙura wa kyandir ido.
Ran da gari ya haƙa ramin wanke tankuna
can nesa da bakin ruwa,
shi ya zo ƙarshe, da shebur, bai ce uffan ba,
shi kuma ya tashi ƙarshe.

Ruwan da ke fitowa ta ƙasan shingen kamfani
muna nan muna cika kwalabe da shi,
wannan shafin ba mu rufe ba.

Jiya na ɗaga wani dutse mai gansakuka,
sai ga ta, ita kaɗai, da ɗan ɗakinta a baya.
Anacleto na tsaye bisa gaɓa,
wai tunkiyarsa yake nema.
Bai dube ni ba ya ce, "Guda nawa?"
Na ce, ɗaya.
Ya gyara hula. "Ai ɗaya ba ta da yawa."
Na ce, sauko ka ɗaga na kusa da kai.

Nawa kuwa na mayar da shi yadda na same shi,
a hankali,
kamar mai jan ƙofa ga yaron da ya yi barci.